Gardamar Sunan Kogi

Jar fitilar ɗakin watsa shiri ta kunnu, wayar kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu. Mai Tarihi, kamar yadda ake kiransa a gidan rediyon, ya share gumi. Da safe Manaja ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in har ƙarshen wata ba mai kira, masu tallar sabulu za a ba filinsa. Mace ce da ba ta magana biyu. Abin da ya fi ci masa rai, yana fara shiri take shigewa ofis ta turo ƙofa.

Ya ɗauko zancen babban kogin arewa. Ya ce daga duwatsu ya taso, kuma a harshen mutanen farko sunansa na nufin ruwan da ba ya ƙafewa.

Sai waya ta yi ƙara. Muryar wata tsohuwa ce, a shaƙe, tana rawa.

"Ɗan nan, wa ya gaya maka? Sunan maharbin da ya fara haye shi ne. Kakata ta san jikokinsa."

"Iya, ai masana sun ce..."

"Masanan sun taɓa wanka a ciki?"

Ta kashe. Kafin ka ce kwabo layi ya cika. Wani masunci ya rantse sunan wani tsohon kada ne. Wani direba ya kira don kawai ya ce a bar Iya ta faɗi gaskiya.

Duk mako sai Iya ta kira ta ƙaryata shi, ba ta taɓa faɗin unguwarsu ba. Gari ya rabu biyu, har a wurin aski ana musu. Shi dai haushinta yake ji, yana kuma addu'ar kada ta fasa. Manaja kuwa ba yabo ba fallasa.

Ranar ƙarshen wata, Iya na tsakiyar yi masa tatas, sai na'urar da ke haɗa waya ta mutu murus. Yau ake yanke hukunci, yau kuma abu zai lalace! Ya saki kiɗa, ya ruga ofishin Manaja neman agaji, ko sallama bai tsaya yi ba.

"Ranki ya daɗe, na'ura ta..."

Tana zaune ta juya baya, ta rufe bakin waya da gyale, ta matse hanci da yatsa biyu, tana cewa cikin rawar murya, "Ɗan nan, kana ji na kuwa? Na ce maka maharbi ne!"