Uwar Amarya a Gaban Kyamara

Tunda ka ce masu talabijin sun zo neman ɗaukar bikin ƙanwarka, zauna ka ji wannan kafin ka sa musu hannu.

An yi wata mata mai sana'ar alkaki da nakiya, ta tashi aurar da 'yarta ta fari. Ka dai san yadda iyayenmu suke da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ana sonsa ne a ɓoye. Shekara ashirin da uku matar nan ba ta taɓa furta sunan yarinyar ba, sai dai "ke" ko "waccan". Amma duk tukunyar da ke cikin kayan ɗakin amarya, gumin hannunta ce, tun yarinyar tana firamare take tarawa a ƙarƙashin gado. To, sai amarya da angonta, ba su shawarci kowa ba, suka je suka ba da sunansu a wani shiri da ke bin masu shirin aure da kyamara, tun daga kai lefe har kai amarya. Uwar ba ta so ba. A ganinta tsakar gida ba kasuwa ba ce. Sai dai kunyar nan da ta hana ta kiran suna ita ce ta hana ta tsoma baki, ta haɗiye abin ta ci gaba da dakan nakiyarta.

Masu shirin suka zo da fitilu da wayoyi, suka cika gidan. Mai gabatar da shirin, wata mace mai zaƙin baki, 'yar garin ce, ta san al'adar nan sarai kamar yunwar cikinta. Duk da haka ta durƙusa gaban tsohuwa ta ce, "Mama, kira sunan amarya ki faɗa wa duniya irin son da kike mata." Uwar ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya ba su zaman lafiya." Da ango ya shigo gaisuwa, ta ja mayafi ta shige ɗaki, kamar yadda kowace suruka mai mutunci take yi. Da rana kuma suka ɗauke ta a gaban murhu, hayaƙi ya sa ta yamutsa fuska tana share ƙwalla.

Ranar da aka nuna shirin, a ɗakin maƙwabciya ta kalla, ta ga abin da marasa tsoron Allah suka yi da ita. Sun ɗauki tashinta daga gaban ango sun maimaita har sau uku. Sun manna fuskar hayaƙin nan a bayansa, suka sa wani kiɗa mai ban tausayi, sannan mai zaƙin bakin ta tambayi masu kallo ko me ya sa uwa take ƙin auren 'yarta. Ba rashin sani ba ne, wallahi, mugunta ce tsagwaronta, don sun san gidan da ke zaune lafiya ba ya tara 'yan kallo. Kafin gari ya waye, yaran da ba su kai 'ya'yan cikinta ba suna zaginta a waya. Har waɗanda suka san al'ada suka ce kunya daban, ƙiyayya daban, a dubi fuskarta mana. Ranta ya ɓaci matuƙa, har abinci ya gagare ta, amma wa za ta kai wa ƙara?

An ɗaura aure, an kai amarya. Uwar ta yi mako biyu tana haɗa gara, alkaki da nakiya da dubulan, aka kai gidan dangin ango. Uwar ango ta dawo da ita ko buɗewa ba a yi ba, ta aiko cewa ba sa cin abin hannun mai ƙin ɗansu. Amarya ta zo tana kuka, wai surukarta ba ta amsa gaisuwarta, miji kuma ya fara kallonta da wani ido. Ta roƙi mahaifiyarta ta fito a kashi na ƙarshe na shirin ta wanke kanta. Tsohuwa ta ga auren 'yarta na neman lalacewa tun lalle bai goge ba, ta yarda. Ta zauna gaban fitilun nan, ta kira sunan 'yarta ta fari da bakinta, ta ce tana sonta, tana son mijinta. Ta tashi tana jin kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa.

Ba su nuna ba. Uwar kirki ba ta dace da labarin da suka riga suka gina ba, sai suka yanke wurin suka cike shi da tallar sabulu. Amarya ta garzaya ofishinsu tana huci, suka zaro takardar da ita da angonta suka sa wa hannu, mai cewa duk abin da aka ɗauka nasu ne, su nuna wanda suka ga dama. Ta koma gida ba ta iya haɗa ido da mahaifiyarta ba.

Kada ka ce laifin masu kyamara ne su kaɗai. Ba katanga suka tsallako ba, ƙofa aka buɗe musu. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.