Begen Taku Goma

Shekara uku mai gyaran rediyo yana turo wa mai ɗinki waƙoƙin bege ta waya, amma bai taɓa zuwa wurin yayanta neman aurenta ba. Yau ma ya leƙo shagonta yana murmushi.

"Hajiya, kin ji ta jiya?"

Ba ta ɗago daga kan keke ba. Abin ya ishe ta.

"Malam, na nesa ake bege, wanda ido ba ya gani. Ni taku goma ne tsakanina da kai."

Ya sosa ƙeya. "Ai kunya ce..."

Ta gutsire zare da haƙori, ta dube shi.

"Furfura ta fito mini ina jin waƙa. Yaya yana gida yanzu. Ka je, ko ka goge lambata."