Tofin Inna

Tun shekarar annoba doka ta ce kowa ya rataya ƙwayar gilashi mai ɗauke da sunansa a wuya. In numfashin mai cutar ya taɓa ta sai ta rikiɗe ja, motar hukuma ta zo ta tafi da mai ita. Ba a taɓa ganin wanda ya dawo ba. Injiniya Rakiya ce ta ƙera ƙwayar da hannunta.

Da hantsi ta kai wa mahaifiyarta goro. Za ta fita, tsohuwar ta riƙo mayafinta.

"Durƙusa in yi miki addu'a."

"Inna, an hana tofi."

"Hukuma ce ta haife ki?"

Ta durƙusa. Inna ta tofa mata sau uku. Kafin Rakiya ta shafa, ƙwayarta ta yi jawur. Ta Inna kuwa fara tas.

"Inna, mece ce wannan a wuyanki?"

"Dutsen kasuwa ne. Wannan taku ƙaiƙayi take sa ni."

Mota ta tsaya a ƙofar gida. Inna ta yi tari, ta ce, "Baƙi muka yi?"

Rakiya ta gyara mayafi. "Nawa ne, Inna. Zauna abinki."