Lamba Talatin

Saura awa ɗaya a rufe rajistar jarrabawa, sababbin kwamfutocin sashen 'yan mata a wata makarantar Gwammaja suka ƙi kaiwa ga babbar na'ura. Na maza kuwa lafiya lau.

"Injiniya, ko mu sayo sabon kebul?" in ji hedimasta, yana share gumi.

"Malam, kebul ɗinku ya fi ni lafiya."

Injiniyar ta buɗe tsarin na'urar. Kowane sashe da layinsa da lambarsa: ofis goma, maza ashirin, mata talatin. A jerin layukan da aka yarje wa wucewa, goma da ashirin kaɗai ta gani.

"Me ya lalace?"

"Babu. Ba a taɓa rubuta su ba ne."

Ta rubuta talatin. Daga ajin da ita ma ta yi karatu, shewa ta tashi.