Bangon da Bai Burge Dakta Ba

Dakta Musa'id ya tsaya a ƙarƙashin sararin samaniyar da aka zana da fenti a jikin rufi, ya ɗaga kai, ya ce gajimaren ya yi kyau. Abu Nawaf, mai kasuwar, ya ji daɗi, don shi ya biya kuɗin gajimaren.

Wannan ce kasuwa ta huɗu da aka gina a wannan fili na bakin teku a Kuwait. Ta farko kakanni suka yi ta da dutsen teku da laka, aka rushe ta don ta tsufa. Ta biyu akwatin siminti ce mai na'urar sanyi da ɗan tafki a tsakiya, aka rushe ta don ba ta yi kama da na Turai ba. Ta uku marmara ce da gilashi da matakala mai tafiya da kanta, ita kuma laifinta ta cika kama da na Turai. Ta huɗun, wadda za a buɗe ranar Alhamis, an narkar mata da dinari ba iyaka domin ta yi kama da ta farko.

Shi ya sa aka gayyato Dakta. Ya rubuta manyan littattafai a kan tsofaffin kasuwanninmu, yawancinsu yana zaune a Landan, kuma bai taɓa fara lacca ba sai ya tuna wa jama'a cewa a shagon igiyar mahaifinsa ya girma. Abin da ya yaba ya zauna, abin da ya kushe a kwashe shi.

A bayansu Lulwa ke tafe, matashiyar injiniya. Ta daɗe tana kokawa da Abu Nawaf a kan wani lungu a ƙarshen layi, wajen da ɗakin janareta yake a da. Shi yana son ya bai wa mai sayar da askirim hayar wurin, ita tana son a bar bangon da ke nan. A ƙarshe suka daidaita: in Dakta ya yaba, bango ya tsaya.

Dakta ya bi layin a hankali, riƙe da ƙaramin kofin gahawa. Ya ƙwanƙwasa wani bango, bangon ya amsa kamar ganga.

"Masha Allah! Kamar jiya," in ji shi.

Ya yaba tsagewar da ke jikin bangon, bayan 'yan taku ya sake yaba mata, don ita ɗin ce dai aka maimaita har ƙarshen layi. Ya yaba zoben ƙarfen da ke maƙale a ƙofar kowane shago. Ya lumshe ido ya shaƙi ƙamshin turaren wuta da wata na'ura ke fesowa daga rufi, ya ce yarintarsa ta dawo.

Sai suka iso lungun. Akwai wani abu da aka kafa kusa da bangon, an lulluɓe shi da koren ƙyalle. Abu Nawaf ya gyara mayafin kansa, ya saki murmushi.

"Ranka ya daɗe, a nan mun tanadar maka wata 'yar..."

Dakta ya ɗaga hannu. Ya matsa kusa da bangon, ya yamutsa hanci.

"Wannan kuma aikin wa?"

"Ni na tsaya masa, Baffa," in ji Lulwa.

"Kin tsaya masa? Ya kyautu, don shi ya kasa tsayuwa. Dubi yadda ya karkace kamar wanda ya sha ya bugu." Ya shafa yatsa a jiki, ya dubi farin gishirin da ya biyo yatsan. "Ga warin danshi. Ga zoben nan, tsatsar ta yi yawa, ko jariri ya san da gangan aka yi ta. Iyayenmu talakawa ne, 'yata, amma ba makafi ba ne."

"Baffa, ai shi wannan..."

"Ni a cikin ta gaske na girma. Ke a ina kika gan ta, a waya? Ga sauran nan an yi su da ilimi, ki je ki koya."

'Yan rakiya suka yi dariya daidai gwargwadon matsayinsu. Abu Nawaf ya ɗan gusa, ya tsaya tsakanin Dakta da koren ƙyallen, ya sa aka ƙara wa baƙo gahawa.

Da motar Dakta ta tashi, Lulwa ta tare mai kasuwar a bakin ƙofa.

"Abu Nawaf, don girman Allah, ka gaya masa."

"In kunyata babban mutum a gaban jama'a, da kofina a hannunsa? Haba 'yata, ba haka aka tarbiyyantar da mu ba." Ya faɗi haka cikin alhini, yana laluben lambar mai askirim.

Washegari da hantsi aka rushe bangon. Ya ba ma'aikata wahala fiye da yadda suka zata. Kafin Alhamis an kafa wani a gefe, miƙaƙƙe, marar wari, mai tsatsa daidai misali. Dakta ya yanka zare, ya yi jawabi a kan mutanen da suka manta asalinsu, har ya share ƙwalla.

Bangon da aka kwashe a motar shara kuwa, shi ne kaɗai abin da ya rage na kasuwar farko. Ya tsira daga rusau uku don an manta da shi a bayan janareta, a jikinsa aka kwafo duk sauran, kuma kamar yadda aka rubuta a allon da koren ƙyallen ya rufe, shi ne bangon shagon Hajji Dakhil mai igiya, mahaifin Dakta Musa'id.