Kifin da ke Cikin Marfin Batir

A layin ana cewa tsohon ya taɓu. Mutumin da bai iya rubuta lambar wayarsa ba ya cika ɗaki da tsofaffin kalkuleta. Duk wadda ya samo a wajen 'yan gwangwan sai ya ɓalle marfin batir, ya kai shi dab da ido, ya yi tsaki, ya jera ta a kanta.

Babbar 'yarsa, tela, ta fi kowa raina abin. Ranar Asabar ta shigo da buhu.

"Baba, yau tarkacen nan zai bar gidan nan. Lissafin me kake yi? Na ƙudaje?"

Ya ci gaba da jera kalkuleta a kanta.

"Ni da na ɓatar da guda ɗaya ana gobe jarrabawa, dukan tsiya ka yi min, ka cire ni daga makaranta. Shekara talatin kana ce min sakarya. Kai ga ka da ɗari biyu, ko kunnawa ba ka iya ba."

Ta fara watsa su cikin buhu. Ya riƙe hannunta, ya ciro wata baƙa daga aljihu, ya buɗe bayanta. A cikin marfin akwai ɗan kifin da 'yarsa ta zana da allura tana 'yar shekara sha biyar.

"Jiya na same ta," ya ce. "Ita kaɗai nake nema. Ba ke kika ɓatar ba, uwata. Ni na ɗauka a jakarki na sayar, na kasa faɗa. Ki yafe mini."