Ranar da Surukata Ta Miƙe

"Cire hannunka!" ma'aikaciyar gidan tsofaffin ta daka min tsawa, 'yar mitsitsiya da ita. "Wannan ba dilar wanduna ba ce."

Raina ya ɓaci. Ni da na shekara bakwai ina lodin diloli a unguwar Baiyun ta ƙasar China za a koya wa ɗaukar nauyi? Tsohuwar da nake ƙoƙarin ɗagawa surukata ce, 'yar China, wata uku ba ta taka ƙasa ba tun da ta faɗi. So kawai nake in cicciɓe ta zuwa gaban talabijin ta kalli Olamfik.

Ma'aikaciyar ta zaunar da ita bakin gado, ta ɗaura mata ɗamara a ƙugu, ta daidaita mata ƙafafu. "Riƙe nan. Kada ka ja, jira ta."

Na jira. Tsohuwa ta dafa kafaɗata, gwiwoyinta na rawa.

"Ɗana, ka riƙe?"

"Na riƙe, Mama."

Ta ciji leɓe, ta yunƙura, ta miƙe tsaye.

Ɗakin ya kaure da tafin sauran tsofaffi. Can a talabijin wani ƙato ya ɗaga ƙarfe ya ci zinare, amma ko mutum ɗaya bai waiwaya ba.